A Toshe Yoyo Kafin a Sayi Sola

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

   

Hirar tamu ta yau a cikin gida za mu yi ta. Za mu ɗaga kai mu dubi rufi, mu leƙa madafa, mu shiga ɗaki, mu zagaya bayan gida, muna neman abu guda: ta ina kuɗin wuta da na mai da na itace suke zurarewa?

Ba sai an gaya wa magidanci dalili ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, mai janareta sai ya yi lissafi kafin ya ja igiya. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga waɗanda ke rukunin Band A, har yunit guda ya kai naira 225. A Oktoban 2024 kuma jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun ɗanɗana a 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa musu daga Najeriya. Batun itace da gawayi kuwa, uwargida ce za ta ba da labari.

Shi ya sa duk majalisar da ka zauna, maganar ɗaya ce: "Ni dai in na samu kuɗi, sola zan saka in huta." Sola alheri ce, za mu zo kanta. Amma wanda tulunsa ke yoyo, kafin ya ƙara ɗaukar ɗan garuwa, gara ya nemo inda ya tsage ya liƙe. Gidajenmu da yawa tulu ne mai yoyo. A toshe tukuna, sannan a yi maganar ƙari.

Mu fara da sama.

Ina tuna ɗakin kakata, Allah ya jiƙanta. Soro ne na tubali, kaurin bangonsa ya kai kamu guda, an yi rufin da azara an daɓe da ƙasa, ga wata 'yar taga can sama kusa da rufi. Da azahar a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasar tsakar gida ba ta takuwa babu takalmi, in ka shiga ɗakin nan sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. A gefen ƙofa ga randa a kan jiƙaƙƙen yashi, da moɗa a kan murfinta. Babu fanka, babu waya ko ɗaya a bango. Da hunturu kuma ɗakin nan ne mafi ɗumi a gidan.

Sirrin a kaurin bangon yake. Zafin rana yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa ƙasa mai kauri, kafin ya iso ciki rana ta faɗi, sanyin dare ya fara janye shi. Yanzu dubi abin da muka koma: bulon siminti mai rami, da kwano a sama, sau da yawa ko silin babu. Kwano kuwa ƙarfe ne, da rana ta taɓa shi ya ɗau zafi, ya juye shi a kan na ƙasa. Sai ka ga ƙarfe goma na dare iyali sun kwaso tabarmi sun fito tsakar gida, ɗaki ya zama tanda. Mun sayi kwano don mu huta da yaɓe, ga shi muna biyan kuɗin hutun da fetur.

Kada a ɗauka ginin ƙasa na marasa hali ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830, da ƙasa ya gina shi. Masallacin garin Yama da ke jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, shi ma ƙasa ce. A zamaninmu ma ga Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, ta yi ginin zamani a Yamai da Dandaji da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Gaskiya ne ginin ƙasa yana tsoron ruwa, mun ga yadda damina ke rusa gidaje. Maganinsa tushe mai ƙwari da ya ɗaga daga ƙasa, da rufin da ya zarce bango, da indararo mai jefa ruwa nesa.

Don haka mai shirin gini, tun ran gini tun ran zane. Ka zauna da maginin ka ce dogayen bangayen su kalli kudu da arewa, domin gabas da yamma su ne rana ke duka kai tsaye. Tagogi su kalli juna don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A ɗaga rufi, a bar ƙofar iska a sama, tunda iska mai zafi sama take hawa. Duk wannan ba ya ƙara kuɗin gini da wani abin a-zo-a-gani, amma har jikoki sai sun ci moriyarsa.

To, mai gidan kwano da ya riga ya ginu fa, ko ɗan haya? Akwai abin yi.

Na farko silin. Ko na kwali ne ko na tabarma, ya fi babu, muddin an nisanta shi da wayar wuta. A kuma bar 'yan ƙofofi tsakanin silin da kwano, a sa musu raga, don zafin da ya taru a wurin ya samu hanyar fita.

Na biyu launin rufi. Ai kowa ya san bambancin farar riga da baƙa a cikin rana. Haka rufi yake. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, inda zafi ke kashe mutane, hukumomi sun sa shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti cikin shirinsu na yaƙi da zafi. Mu kuwa yayin da ake ciki shi ne kwano mai duhun launi, baƙi ko ruwan ƙasa, don ya fi kyau a ido. Mai sayen kwano ya zaɓi mai haske. Mai tsoho ya wanke shi ya shafa fari.

Na uku inuwa. Bangon yamma shi ne mugun, domin shi ke shan ranar la'asar ya kwana yana huci. A yi masa rumfa, ko da ta zana ce. A dasa darbejiya ko mangwaro ta wannan ɓangaren, amma a ja da shi taku da dama daga tushen gini da ramin masai saboda saiwa. Inda babu fili, zogale ya wadatar, ga inuwa ga miya.

Na huɗu bai ci ko sisi ba. A lokacin bazara, idan iskar waje ta fi ta ɗaki zafi, a rufe tagogi a saki labule tun hantsi. In dare ya yi gari ya huce, a buɗe su duka, ragar sauro tana nan.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna zagaya gida ne muna neman inda kuɗin makamashi ke yoyo. Mun sauko daga rufi, bari mu yi sallama a madafa. Iyayenmu mata, wannan ɓangaren naku ne, amma maigida ma ya matso, tunda daga aljihunsa kuɗin itacen ke fita.

A tsaya a kalli murhu mai duwatsu uku ana dafa wake. Iska ta kaɗo, harshen wuta ya karkata gefe yana lasar banza. Tukunya a buɗe, tururi na tashi. Itacen ɗanye ne, yana kumfa ta gindi, hayaƙi ya turnuƙe. Uwargida ta durƙusa tana hurawa, ido ya yi ja yana hawaye, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. A irin wannan murhu, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne kawai ke shiga tukunya. Wato in an sayo ɗauri goma, ɗaya da ɗan wani abu ne ya yi girki, sauran iska ta sha.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya. Ciwon haƙarƙarin yara, da tarin da ba ya jin magani, da ciwon ido, duk hayaƙin nan yana da hannu a ciki. Sannan kowace motar itace da ta shigo gari, wani daji ne aka sassaɓe, hamada kuma ba ta jiran gayyata.

Gyaran farko da laka ake yin sa. A kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, a kewaye duwatsun nan uku da shi har ya rungumi tukunya, a bar tazarar yatsa guda tsakaninsu don hayaƙi ya fita, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace. A bari ya bushe kwana biyu zuwa uku a inuwa. Shi ke nan, wuta ta daina yawo. Mai ɗan hali ya sayi ingantaccen murhun ƙarfe. A Nijar an daɗe da sanin wanda ake kira Mai Sauƙi. A Najeriya akwai irin su Save80, wanda sunansa ya fito daga iƙirarin rage itace da kashi 80 cikin 100. Wanda ya samu ikon komawa gas, ya fi tsabta nesa ba kusa ba, sai dai a ajiye tukunyar gas inda iska ke shiga, a riƙa duba tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo.

Sai ƙananan dabaru da uwargida ta fi ni sani, tuni kawai nake yi. A jiƙa wake tun dare. A rufe tukunya. A faskara itace ƙanana a shanya ya bushe. A gama yanke-yanke da jajjage kafin a hura wuta. In an sauke, a zare ragowar itacen a kashe, kada a bar shi ya cinye kansa.

Akwai kuma wata dabara da ba a cika sani ba, ta kwandon ƙarasa girki. A samu babban kwando, a shimfiɗa masa tsohon bargo ko tsummoki ko auduga, da kauri sosai. In shinkafa ta tafasa na 'yan mintuna, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwandon, a lulluɓe ta ko'ina. Zafin da ke jikinta shi zai ƙarasa dahuwar, ba ƙonewa ba kamu. Wake da ganda sun fi son a tafasa su sosai tukuna, sannan su daɗe a ciki. Abin lura kawai, a fito da abincin tun da zafinsa, kada ya huce a ciki ya lalace.

Kafin mu bar madafa, bari mu tuna da wani ɗan ƙasa. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a jihar Jigawa, daga gidan masu ginin tukwane ya fito. Ya ɗauki hikimar randa ya faɗaɗa ta: tukunyar ƙasa babba, a sa ƙarama a cikinta, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Gautan da kan yi yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a gwajinsa. Wannan aiki ya sa ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ya fi aiki da rani lokacin da iska ke bushe, da damina ƙarfinsa kan ragu, kuma ba wurin ajiye ɗanyen nama ba ne. Amma ga tumatir da tattasai da alayyafo, firji ne da ba ruwansa da ɗauke wuta.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu shiga ɗaki, mu ɗauki biro mu yi lissafi.

Tsohon ƙwan fitila mai jan haske, mai wat 60, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita. Shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan hasken da wancan ke bayarwa. A ce gida na da ƙwai 5, ana kunna su awa 6 kullum. Masu jan haske za su sha yunit 54 a wata. Na LED za su sha yunit 8 da ɗoriya. Bambancin ya kusa yunit 46. Mai mita mai kati ya ninka wannan da kuɗin yunit a unguwarsu, ya ga abin da yake ƙonawa. Sai dai a sayi mai kyau, araha ba ta ado.

Manyan masu cin wuta a gida su ne masu yin zafi da masu yin sanyi: dutsen guga, hita, murhun lantarki, firji, da na'urar sanyaya ɗaki. A tara guga a yi ta lokaci guda. Ruwan wanka da hunturu, baƙar jarka a rana tun hantsi ta isa ta ɗumama shi. Firji a ja shi daga bango kamar taƙi guda don ya yi numfashi, kada a sa masa abinci da zafinsa, kada yara su mai da ƙofarsa abin wasa. A gwada robar ƙofar da takarda: a maƙale ta a rufe, in ta zaro salin-alin, sanyi na gudu, a canza robar. Na'urar sanyaya ɗaki guda kuwa tana shan abin da fanka goma ko fiye za su sha. Mai ita ya daina sa ta a 16 yana rufa da bargo. A sa ta a 24 ko 25, a haɗa da fanka, a toshe ƙasan ƙofa, a riƙa wanke ragarta saboda ƙura. Talabijin da dikoda da caja, in an gama a kashe daga soket.

To, yanzu ne maganar sola ta zo. Gidan da ya sa silin, ya canza ƙwai, ya rage kayan zafi, ƙaramar sola za ta riƙe shi, kuɗinta kuma bai kai na wadda zai saya da can ba. Allah ya hore mana rana, kusan duk shekara tana nan. A nemi ƙwararre ya lissafa abin da gida ke sha kafin a sayi komai. A kafa farantin yana fuskantar kudu, a ɗan kishingiɗe, inda inuwar bishiya ko tankin ruwa ba ta faɗa masa. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai, a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Batir irin na dalma ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi, yin haka ke kashe shi da wuri. In kuma ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. A mayar da mataccen batirin wurin masu sayarwa ko masu karɓar tsofaffi.

Gargaɗi biyu, don Allah a buɗe kunne. Kada a kunna janareta a cikin ɗaki, ko a lungu, ko a gindin taga. Kada kuma a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Dukansu suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Barci take sa mutum, daga nan sai dai a fasa ƙofa da safe. Mun sha jin gida guda ya tafi ta wannan hanya.

Mu ƙarasa a bayan gida. Famfon da ke ɗiga a gyara shi, da yayyafi kogi kan cika. Ruwan alwala da na wanke shinkafa, a juya su gindin bishiyar nan da muka dasa. Da damina a tara ruwan rufi a duro mai murfi don wanki da ban-ruwa, murfin saboda sauro. Ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki, a tara su a rami su zama taki. Leda kuwa, kada a hura wuta da ita, kada a ƙona ta a tsakar gida, hayaƙinta guba ne. Kada kuma a watsa ta a kwata, ita ce ke toshe magudana ruwa ya dawo mana ɗaki. Mai zuwa cefane ya riƙe jaka ko kwando kamar yadda iyayenmu suke yi. Addininmu ma ya hana almubazzaranci, ko da abu na da yawa, balle yanzu da babu.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Ba mu ce a yi duka a rana ɗaya ba. Maigida, yau da daddare ka ƙirga ƙwayayen fitilar gidanka, ka cire mai jan haske ko da guda ne. Uwargida, ki jiƙa waken gobe tun yanzu, ki sa yara su samo miki yumɓu ranar da babu makaranta. Matasa, kafin damina ta sauka ku haƙa rami a yammacin gida, ku tanadi dashe. Wanda ya gwada ya ga amfani, ya gaya wa maƙwabcinsa.

  A toshe yoyon nan tun yau, jama'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.



(Kiɗan rufe shiri)